Yadda Na Samo Wa Hankalina Turke

Ranar da likita ya auna jinina ya ga 168 bisa 104, abu biyu ya gaya mini, kuma har na tari adaidaita sahu na iso gida ban gane yadda za su sha inuwa ɗaya ba. Na farko: "Malama, sai fa kin rage tunani." Wannan ba baƙon zance ba ne, duk wadda ta shigo yi mini gaisuwa sai ta faɗa kafin ta ɗauki mayafinta. Na biyun ne ya ɗaure mini kai. Bayan ya rubuta mini amlodifin, maganin hawan jini, ƙwaya ɗaya kullum da safe, sai ya ce akwai wani abu da yake so in koya, Turawa na ce masa mediteshan, "mu kuma da Hausa sai dai mu ce zuzzurfan tunani." Na ɗago na dube shi. Tunanin da nake yi ma a haka ya hana ni barci wata bakwai, shi ne kuma za a ce in ƙara masa zurfi?

Ya yi dariya, ya ce fassarar ce ta gaza, in je in bincika, ai ni malama ce. Layi ya yi tsawo a waje, ba shi da lokacin ƙarin bayani. Gaskiyarsa kuwa, fassarar ta gaza, ta kuma ɓatar da ni ba kaɗan ba. A wajenmu tunani ciwo ne. In aka ce wance tunani ya kama ta, kowa ya san ramewa take yi. Abin da waccan kalmar ke nufi kusan kishiyar haka ne, wato koya wa hankali zama wuri guda, da sanin hanyar dawowa idan ya ɓalle. Sai da na sha wuya kafin na fahimci haka.

Maigidana ya rasu a ƙarshen Afrilun 2020, kwana uku da kama azumi, cikin makonnin nan da Kano ta yi ta binne dattawanta ana tsaka da kulle. Numfashi ne ya gagare shi. Daren ƙarshe a zaune na kwana a gefensa, ina kallon ƙirjinsa na hawa da sauka, duk wanda ya ja sai in jira in ga ko na gaba zai zo. Bayan kiran assalatu na gaban bai zo ba. Allah ya jiƙansa. Ya bar ni da yara huɗu, babbar tana aji biyar na sakandare, autan ko firamare bai shiga ba.

Cikin takaba ban san ina da wata larura ba, domin duk da kullen 'yan'uwa ba su bar ni ni kaɗai ba. Da na fita a watan Satumba kowa ya koma harkar gabansa, a nan abin ya taso. Ƙarfe biyun dare idona zai buɗe tar, gabana na faɗuwa, zufa na keto mini ko da fanka na juyawa. Daga nan sai saƙa da warwara har asuba: kuɗin haya, kuɗin makaranta, rabon gado, da kuma babbar cikinsu, "da tun ranar Talata na matsa an kai shi asibiti." Shekara goma sha bakwai ina koyar da Bayoloji, amma sai ga shi ina tsaye gaban allo, alli a hannu, kalmar da zan rubuta ta ɓace mini, yara suna kallon ƙeyata.

Ƙanina ne ya fara turo mini bidiyo ta WhatsApp. "Yaya, ki gwada wannan, minti talatin ne kawai." Wata baturiya ce zaune a bakin teku ta tanƙwashe ƙafa, fuskarta kamar wadda ba a taɓa bin ta bashi ba. Bayan isha'i na kulle ɗaki, na zauna yadda ta zauna, na rufe ido. Muryar ta ce in mayar da hankalina kan numfashina, in bi shigarsa in bi fitarsa. Ban yi minti biyu ba na ji iskar ta daina isa ta. Ina ja, kamar ta tsaya a maƙogwaro. Zuciyata ta shiga bugawa har cikin kunnena. Na daure, don an ce sai da haƙuri. Dare na biyu haka. A na uku ban san sanda na banko ƙofa na fito tsakar gida ba, ko ɗankwali babu, ina haki. Babbar 'yata ta fito a firgice tana "Umma lafiya?" Na ce zafi ne. Na goge bidiyon, na ce a raina wannan abu ba na irinmu ba ne.

Da na koma awon jini bayan wata guda na ba likita labari, sai ya haɗa ni da wata masaniyar halayyar ɗan'adam da ke zama a asibitin ranar Laraba. Na je ina jan ƙafa, don kun san abin da mutanenmu ke ɗauka in an gan ka a wannan ɓangaren. Ta saurare ni har na gama, sannan ta yi mini tambaya ɗaya: "Hajiya, in kin rufe ido kina bin numfashi, numfashin wa kike ji?" Sai kawai na fashe da kuka. Ai ba nawa nake bi ba. Duk sanda na zauna, komawa nake yi wancan daren in ci gaba da yi masa ƙirga.

Ta ce in bar numfashin nan tukuna. Ta yi mini bayanin cewa kallon numfashi shi ne abin da aka fi fara koya wa sabon shiga, don kowa yana tare da nasa, kuma yana yi wa mafi yawan mutane daidai, amma mai yawan firgita, ko mai asma, ko wanda ya ga wani tashin hankali da ya shafi numfashi, yakan ƙara rikita shi. Daga baya na karanta cewa akwai wata mai bincike a Jami'ar Brown ta Amurka, Willoughby Britton, da ta shafe shekaru tana tattara irin illolin da wannan zama kan jawo wa wasu mutane. Masu bidiyon bakin teku ba sa faɗar wannan. Abin da matar ta nuna mini shi ne duk hanyoyin nan, komai yawansu, gininsu ɗaya ne: a samu abu guda a ɗora hankali a kai, in ya tafi a lura ya tafi, a dawo da shi ba tare da faɗa ba. Bambancinsu yana ga abin da aka ɗora hankalin a kai. Wani numfashi, wani sassan jiki, wani sauti, wani kalma, wani takun ƙafa.

Tana magana ni kuwa gidan kakata na tuna a ƙauyenmu na ƙasar Bichi. In an sayo sabuwar akuya aka ɗaure ta a turke, ranar farko ba ta da aiki sai fizga da kuka, ta yi ta zagaye har igiyar ta naɗe ta shaƙe ta, sai an zo an warware. Ba a dukanta, ba a kuma kwance ta. Bayan 'yan kwanaki za ka leƙa ka same ta kwance a gindin turken tana tuƙa. Tun daga ranar da turke nake kiran abin. Kuskurena biyu ne. Na ɗaure akuyata a turken da ke da ƙaya, sannan na ɗauka fizgar da take yi alama ce ta na kasa. Alhali fizga ɗabi'arta ce. A 2010 wasu masana biyu a Jami'ar Harvard ta Amurka sun bibiyi mutum 2,250 ta wayoyinsu, suna tambayarsu a lokuta daban-daban me suke yi kuma ina hankalinsu yake, suka samu kusan kashi 47 cikin 100 na lokaci hankalin ba ya kan abin da ake yi. Masu lafiya ke nan, ba masu takaba ba.

Tunda dai barcin ba zuwa yake ba, sai na mayar da daren na karatu, irin na malamar da ke shirya darasi. Na fara da hanyar da ake kira Vipassana, wadda wani ɗan asalin Indiya haifaffen ƙasar Bama (Myanmar a yau), S. N. Goenka, ya yaɗa, babbar cibiyarsu tana Igatpuri, can wajen Mumbai. Kwana goma ake yi a killace, ba magana, ba waya, a tashi ƙarfe huɗu na asuba, a yi zaman kusan awa goma a yini. Ba sa karɓar kuɗi, sai abin da mutum ya bayar don ransa. Na yi dariya ni kaɗai, wa zan bar wa yara huɗu? Da na ƙara karantawa kuma na ga cikin ƙa'idojinsu ana son mutum ya ajiye duk wata addu'a da ibada, har jan carbi, tsawon kwanakin. Nan na rufe shafin. Sai wadda Maharishi Mahesh Yogi ya kai Yamma, ta maimaita wata kalma a zuci minti ashirin safe da yamma. Tsarin ya yi mini, amma kalmar malami ne ke ba ka ita, ba ka san ma'anarta ba, kuɗin koyo ba kaɗan ba, kuma kafin a koya maka sai an yi wani ɗan biki da furanni da 'ya'yan itace da farin hankici gaban hoton malamin malaminsu. Ita ma na wuce.

Wadda ta fi kama da ta asibiti ita ce ta Jon Kabat-Zinn, wanda ya buɗe wani sashen rage damuwa a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Masacusets a 1979. Daga addinin Buda ya tsamo dabarun, ya cire musu rigar addini, ya tsara su mako takwas don marasa lafiyar da ciwonsu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Sai dai ana son minti arba'in da biyar kullum. Mace mai dafa kalaci, ta shirya yara, ta kama aji ƙarfe takwas saura, ina za ta samo wannan? Wanda ya buɗe mini ido shi ne wani likitan zuciya na Harvard, Herbert Benson. Ya auna jikin masu maimaita kalmar nan ya ga bugun zuciyarsu da numfashinsu da iskar da jikinsu ke ƙonawa duk suna raguwa. Sai ya gano sirrin ba a kalmar yake ba. A abin da ya wallafa a 1975 ya nuna kowace kalma ko addu'a mutum ya zaɓa daga abin da ya yi imani da shi za ta yi, daga baya kuma ya taƙaita sharuɗɗan zuwa biyu kawai: maimaitawa, da kuma ƙyale duk tunanin da ya kutso a koma kan kalmar. Na ajiye wayar na yi shiru. Wannan ai na san shi tun ina goye.

Kafin in je ga zikirin, sai da na kai tambayata wajen malaminmu na Islamiyyar matan aure, don abin ya tsaya mini a rai, tunda tushensa daga Hindu da Buda ne. Ya ce, "Malama, numfashi da ƙafa da kunne naki ne, Allah ya ba ki. Lura da su don neman lafiya kamar gashin ƙashi ne. Abin da za ki kiyaye, kada ki maimaita kalmar da ba ki san ma'anarta ba, kada ki rusuna wa wani abu, kada kuma ki ɗauki abin ibada ko ki musanya shi da ita." Ya ƙara da cewa tsare zuciya ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu, Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi dogon bayani kan muraƙaba da muhasaba da tafakkuri, a zamaninmu kuma wani masanin halayyar ɗan'adam ɗan Sudan, Malik Badri, ya yi rubutu yana auna tafakkurin Musulmi da waɗannan hanyoyin na Gabas da Yamma. Farfesa Badri ya rasu a farkon 2021, daidai lokacin da nake wannan fafutukar.

Gwaggona, yayar mahaifinmu, 'yar Tijjaniyya ce, ta fi shekara arba'in ba ta sha lazimi ba: istigfari ɗari, salati ɗari, hailala ɗari, safe da yamma. Wata Asabar na je gaishe ta bayan la'asar na tarar ta fara. Tana zaune kan tsohon buzunta da gashin tsakiyarsa ya gama zubewa, ta fuskanci gabas, carbin nan baƙi da ya yi santsi don shan hannu yana zamewa ƙwaya-ƙwaya tsakanin babban yatsa da manuni. Na yi sallama, ta ɗaga mini hannun hagu ba ta juyo ba. Jikoki na guje-guje, wata na daka, rediyon maƙwabta na ta surutu, ita kuwa kafaɗunta a sake, leɓenta kaɗai ke motsi. Sau dubu na ga wannan a rayuwata, ban taɓa kallonsa ba sai ranar.

Da ta shafa na ba ta labarin binciken da nake yi. Ta riƙe haɓa. "'Yar nan, ke yanzu natsuwar ma sai an aiko miki da ita daga Amurka?" Na ce, "Gwaggo, don Allah ki gaya mini gaskiya, in kina ja hankalinki ba ya tafiya?" Ta ce, "Yana tafiya mana. Har Kasuwar Rimi yake zuwa ya yi cefane ya taya atamfa. In na ji ƙwaya a yatsana sai in kamo shi." Shekara arba'in, kuma har yanzu akuyarta na fizga! Babu takardar da na karanta da ta sanyaya mini rai kamar wannan maganar. Ni ban karɓi ɗariƙa ba, kuma wuridinsu da izini ake yinsa, ba abin da za ka ɗauka a hanya ba ne. A gidanmu ma akwai masu ja da ɗariƙun gaba ɗaya, ƙanina na cikinsu, ba wannan muhawarar ta kawo ni ba. Abin da na ɗauko daga wajenta shi ne yatsa da ƙwaya. Kuma ina so a fahimce ni: zikiri ibada ne, don Allah ake yinsa, ba maganin hawan jini ba ne. Natsuwar da ke biyo shi alkawari ce da ke cikin Suratur Ra'ad, aya ta 28. Ba na son yadda wasu ke mayar da shi kamar ƙwayar kemis.

Turke na farko da masaniyar ta ba ni shi ne bin sassan jiki. A kwanta rigingine, a fara daga yatsun ƙafar hagu, a ji abin da ke wurin, ɗumi ne, sanyi ne, ko ba komai, a hau zuwa idon sawu, ƙwauri, gwiwa, har tsakar ka. Ban taɓa wuce gwiwar dama ba, barci ke sace ni. Ga mai son koyon tsayar da hankali wannan aibi ne, ga wadda ta yi wata tara ba barci kuwa kyauta ce. Na bar shi na dare. Shi ya nuna mini cewa haƙorana a dantse nake kwana da su, kafaɗuna kuma a ɗage suke wuni kamar mai jiran duka.

Wanda ya karɓe ni sosai tafiya ce. Tsakar gidanmu daga gindin tankin ruwa zuwa bishiyar zogale taku goma sha huɗu ne. Bayan sallar asuba da azkar, kafin in kunna wuta, sai in cire takalmi in yi ta kai-kawo a hankali, ido a buɗe yana kallon ƙasa, hankali a tafin ƙafa. Ɗagawa, miƙawa, saukewa. Lokacin hunturu ne, simintin da sanyi kamar ƙanƙara, akwai wani wuri da ya fashe da yashi ke cizon dunduniya, akwai inda ruwan alwala ya jiƙa. Waɗannan ƙananan abubuwan su suka riƙe ni, don ƙafa ba ta da wani tarihi da ke tsorata ni. In na tsinci kaina a ofishin fansho ina rigima da wani a zuci, sai in ce "tunani," in koma dunduniya. Minti biyar na fara da shi, da agogon waya, ita kuma wayar a kife kan taga. Kwana na uku autana ya fito yana mutsuke ido, ya tsaya yana kallona, can ya ce, "Umma, me kika yar?" Ya durƙusa zai taya ni nema.

Ranar da ƙafa ta gaji ko aka yi ruwa, sai in zauna bakin ƙofa in ɗora hankalin a kunne. Gari yana farkawa daki-daki: masallacin da ya makara yana sallamewa, zakaran maƙwabta, ƙarar bokitin masu ga-ruwa, janaretan mai burodi, adaidaita na farko. Ba na bin sautin in ce na wane ne ko me ya sa, in ya zo ya zo, in ya wuce ya wuce. A da ina ganin sai an samu wuri shiru kafin a yi wannan abu, wanda a unguwarmu yana nufin har abada ba za a yi ba. Ashe hayaniyar ma turke ce.

Sai bayan wata uku na koma wa numfashi, shi ma ta bayan gida na shigo masa, ta ƙofar Bayoloji. Ina shirya darasin jijiyoyi na 'yan aji biyar, ɓangaren da ke aiki ba da umarninmu ba. Reshe ɗaya shi ke zaburar da jiki in an hangi haɗari, ya sako adirenalin, zuciya ta ƙara gudu. Ɗayan shi ke kwantar da shi, kuma babbar igiyarsa ita ce jijiya ta goma cikin sha biyun da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, wadda ake kira bagus, ta biyo wuya ta ratsa zuciya da huhu har hanji. Na san a takarda cewa bugun zuciya na ɗan ƙaruwa in an ja numfashi, ya ragu in an sake shi. Shekara goma sha bakwai ina faɗa, ban taɓa gwadawa ba. A ɗakin malamai na ɗora yatsu biyu a wuyan hannuna, ƙasan babban yatsa. Na ja: dal-dal-dal. Na saki a hankali ta baki kamar mai hura koko: dal... dal... dal. Tsigar jikina ta tashi. Wannan numfashin nawa ne, kuma ga linzaminsa a hannuna.

Bambancin shi ne a da zuba masa ido nake ina jira, yanzu kuwa aiki na ba shi. In ja ina ƙirga huɗu, in saki ina ƙirga shida, daƙiƙa goma ke nan, numfashi shida a minti, alhali baligi a zaune yakan yi tsakanin 12 da 20. Minti biyu zuwa uku ya isa. Shi nake yi in gabana ya faɗi ƙarfe biyun dare, ko a cikin adaidaita in gosulo ya riƙe mu a Ƙofar Nasarawa. Da dare kuma na dawo da tasbihin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya wa Nana Faɗima da Sayyidina Ali lokacin da ta nemi mai taya ta aiki: 33, 33, 34 in za a kwanta. Da ma ina yi, amma irin na tsere, minti ɗaya na gama. Yanzu kowace kalma sai na ji ta a harshe, na ji gaɓar yatsan da ta faɗa a kai. Abin da ban zata ba shi ne sallata. Ba wai hankalin ya daina tafiya ba ne, a'a, da sai na yi sallama nake gane ban san surar da na karanta ba, yanzu tun a ruku'u nake kamo shi.

Akwai wautar da na tafka, kuma dole in faɗe ta. Bayan ƙaramar sallar 2021 aka auna ni aka ga 132 bisa 84, ina barci, na fara mayar da jiki. Sai na ce ai na warke, na ajiye ƙwayar ban gaya wa kowa ba. Mako uku ƙeyata ta fara sara, na je aka ga 158 bisa 100. Likita ya cire tabarau ya ce, "Malama, ke da kike koya wa yara yadda jini ke zagayawa?" Kunya kamar ƙasa ta tsage. Abin da binciken ya nuna ba ya wuce gona da iri kamar masu talla. A 2014 masana a Jami'ar Johns Hopkins sun tattara gwaje-gwajen da aka yi kan mutum sama da 3,500, suka ga ana samun sauƙi matsakaici a fargaba da ciwon damuwa da raɗaɗi, amma ba su ga ya fi magani ko motsa jiki ba. A 2017 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce ana iya haɗa shi da magani da sauran matakan da aka sani, ba a maye gurbinsu da shi ba. Har yau ina shan ƙwayata, na kuma rage gishiri da dunƙulen miya, wanda ya fi duk zaman nan wuya.

Bara wata abokiyar aikina, malamar Lissafi, ta same ni a ɗakin malamai ta ce ta ji ina da wata dabara, ita ma barci ya ƙaurace mata. Da zumuɗina na ɗora ta kan tafiya. Bayan mako ta dawo ta ce, "Malama, gidan haya nake, mu tara ne a tsakar gida ɗaya, jiya har an fara tambayar maigidana ko a nemo mai ruƙiyya. Ga gwiwa." Sai na tuna tambayar da aka yi mini, na yi mata irinta: me ke damunki, yaushe kike da minti biyar da ba mai kiranki, kuma me kike ji in kin rufe ido? Ita rufe ido ba ya tsorata ta, lokacinta kuwa bayan an tashi, kafin ta bar aji. Ta koma ƙirga numfashi, kowace fita lamba ɗaya, daga ɗaya zuwa goma, in ta ɓace ta koma ɗaya. Wato ainihin abin da ya fitar da ni tsakar gida ba ɗankwali, ita shi ya zauna mata daram. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Mace ce mai son lamba, har littafi ta buɗe tana rubuta inda ta tsaya kullum, na ce mata wannan kuma jarrabawa ta mayar da shi, ta ce in ƙyale ta.

Tafiyata ta asuba yanzu minti goma sha biyu ce, wani lokaci in sha ta kwana biyu ko uku in an yi baƙi ko an shiga makon jarrabawa, sai in ci gaba daga inda na tsaya ba tare da ramuwa ba. Zogalen ya bushe an sare shi, don haka kututturen nake juyawa a kai. A watan jiya na ce bari in sake gwada irin na malamar Lissafi, zama kawai da kallon numfashi ba tare da linzami ba, ido a rufe, abin da na shekara huɗu ina kauce wa. Na gaya wa babbar 'yata ta bar ƙofarta a buɗe. Daren farko na kai uku na buɗe ido. Shekaranjiya na kai bakwai, sannan kuɗin rajistar auta ya shigo, na koma ɗaya.